Santin hutu bayan tiyatar rage ƙiba: inda haɗarin yake da inda ba ya nan

Mu ɗauki mace da aka yi wa tiyatar rage tumbi wata goma sha huɗu da suka wuce. Ta sauke kilo talatin da 'yan kai, ciwon gwiwa ya lafa, likita ya rage mata maganin suga. Sai Allah ya nufe ta da zuwa Umara ta kwana goma. Otal ɗin da suka sauka yana baje abinci safe da dare, kowa ya ɗebi son ransa. A harami ana ta miƙo dabino. Abokan tafiya kuwa kullum sai sun sayo soyayyar kaza da lemon kwalba sun shimfiɗa a ɗaki. Santi ya ɗebe ta, ta ci abubuwan da ta fi shekara ba ta kai bakinta ba. Washegarin dawowarta ta hau sikeli, ta ga ƙarin kilo uku, gabanta ya faɗi. Abin da ya fara zuwa mata a rai shi ne: "Shi ke nan, na buɗa cikin, na yi asarar kuɗina da wahalata."

A ganina wannan tunanin ya fi kazar da lemon illa, kuma zan yi ƙoƙarin nuna dalili. Masu wannan tiyata sukan dawo daga tafiya da nadamar abin da bai kai a yi nadamarsa ba, alhali abubuwan da za su iya kwantar da su a asibiti, irin su ƙarancin ruwa da yawan amai da maganin ciwon jiki, ba su ma lissafa su cikin kuskure.

Sai an san abin da likita ya yi a cikin kafin a gane abin da kwana goma za su iya ɓatawa. Iri biyu na wannan tiyata suka fi yawa a duniya yanzu. Akwai wadda ake kira silib, inda ake yanke kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, a bar siririn bututu mai siffar ayaba. Akwai kuma baifas, sunan da duk direban da ya saba kewaye gari ya sani: a keɓe 'yar jaka a saman tumbi wadda ba ta wuce girman ƙwai ba, kamar mililita 30, a jona ta da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Edward Mason na Jami'ar Iowa a Amurka ne ya fara aikin baifas a tsakiyar shekarun 1960. Tumbin babban mutum kafin a taɓa shi yana ɗaukar lita guda zuwa lita ɗaya da rabi, saboda haka bambancin ba ƙarami ba ne.

Amma ba ƙanƙantar wuri kaɗai ke aiki ba. Sinadarin da ke tayar da yunwa, girelin, yawancinsa a saman tumbi ake yin sa, kuma wannan ɓangaren ne ake cirewa a silib. Sannan bayan tiyata abinci yana saurin isa hanji, hanjin kuma ya saki sinadaran ƙoshi irin su GLP-1 da PYY fiye da yadda yake yi a da, su kai wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa ya isa haka. Shinkafar kwana goma ba ta warware wannan tsari. Haka batun "buɗewar ciki" da ake yawan tsoro. Gaskiya ne wanda a watan farko cokali uku ke cika shi, bayan shekara zai iya cin abin da ya kai kofi guda. Wannan buɗewa ce da likita ya san za ta zo, kumburin aiki ya saɓe, nama ya warke ya saki. Ba hutun mako guda ne ya kawo ta ba.

To kilo ukun nan daga ina suka fito?

Kilo ɗaya na kitse yana daidai da kalori kusan 7,700, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Kafin kilo uku su zama kitse zalla, sai mutum ya ci rarar kalori sama da 23,000, wato a kwana goma ya riƙa ɗora rarar 2,300 kullum a kan abin da jikinsa ke ƙonawa. Ga mai tumbi kamar ayaba, wannan jan aiki ne. Yawancin abin da sikeli ya nuna ruwa ne da abin da bai fita ba. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram yana riƙe ruwa kusan giram uku. Wanda ya daɗe yana ƙaurace wa shinkafa da burodi, rumbun nan nasa ba a cike yake ba. Da ya koma musu sai rumbun ya cika da ruwansa, kilo ɗaya ko fiye ya hau nan take. Ƙara da gishirin abincin otal, da kumburin ƙafa na dogon zama a jirgi, da bushewar ciki da tafiya ke kawowa. Irin wannan nauyi yakan zube da kansa cikin mako guda ko makamancin haka idan aka koma cin da aka saba.

Ragowar, wato kitsen gaske, kaɗan ne. A shekarar 2000 Jack Yanovski da abokan aikinsa a Amurka sun bi mutum 195 suna auna su, suka samu cewa a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara matsakaicin ƙarin nauyi kilo 0.37 ne kacal, nesa da abin da jama'a ke zato. A 2016 wani nazari a Jami'ar Jojiya kan mutum 122 da suka tafi hutun mako ɗaya zuwa uku ya samu ƙarin kusan sulusin kilo. Waɗannan ba masu tiyata ba ne, amma darasin ya shafe su, domin nazarin biyu sun haɗu a kan wani abu: ɗan ƙarin nan ba ya sauka. A na farko yana nan har shekara ta zagayo, a na biyu yana nan bayan mako shida. Saboda haka abin lura ba girman abin da aka ƙara a tafiya ba ne, a'a, ko an bar shi ya zauna har wani hutun ya zo ya ɗora nasa.

Ya kamata kuma a faɗa wa masu tiyata wata gaskiya tun kafin a shiga da su ɗakin aiki: dawowar wani ɓangare na nauyi abu ne da aka saba gani. A babban binciken Siwidin da aka fara a 1987, waɗanda aka yi wa baifas sun sauke kusan kashi 32 cikin ɗari na nauyinsu a shekara ɗaya zuwa biyu, bayan shekara goma kuma ragin ya tsaya a kashi 25. Wendy King ta Jami'ar Pittsburgh da abokan aikinta sun wallafa a 2018 cewa cikin masu baifas sama da 1,400, shekara biyar bayan sun kai ƙarshen ramewarsu, na tsakiyarsu ya mayar da kusan rubu'in abin da ya sauke. Wanda ya sauke kilo arba'in ya mayar da goma har yanzu yana da ribar talatin, da sauƙin suga da hawan jini da ke tare da ita. Wanda bai san wannan ba, kilo biyu na farko zai ɗauke su a matsayin hukuncin cewa aiki ya lalace.

Inda hutu ke yin ɓarna ta gaske shi ne a sabo. Tumbin da aka rage kamar ƙaramar ƙofa ce: buhu ba ya shiga ta cikinta, amma wanda ya dage da mudu-mudu zai shigar da buhu goma kafin magariba. Nama da ƙwai da wake suna daɗewa a tumbi, su cika shi, mutum ya ajiye cokali. Cincin, biskit, cakulan, askirim, dubulan, alkaki, waɗannan narkewa suke yi su zarce, ba su barin ƙoshi a baya. Abin sha ya fi su duka sulɓi. Kwalbar Coca-Cola mai santilita 50 tana ɗauke da sukari giram 53, kusan ƙaramin cokali goma sha uku, kalori 210, kuma tana wucewa kamar ba a sha komai ba. Haka shayi mai kauri da madara da sukari, haka fura da aka zuba wa sukari, haka zoɓo da kunun zaƙi na gidan biki. Kwalba uku a rana na kwana goma ba su kai kilo guda na kitse ba. Kwalba ɗaya a rana da aka dawo da ita gida ta zama al'ada ta haura kalori 76,000 a shekara.

Hutu kuwa an gina shi ne a kan ciye-ciye da tanɗe-tanɗe. Babu lokacin abinci tsayayye, akwai abin ɗauka a kowane tebur, ga hira, ga rashin barci. Rashin barcin ma ba ƙaramin abu ba ne. A wani gwaji a Jami'ar Chicago a 2004, an taƙaita barcin samari 12 zuwa awa huɗu na dare biyu, sai girelin ɗinsu ya hau da kashi 28 cikin ɗari, sinadarin leftin mai nuna wadata ya sauka da kashi 18, kwaɗayinsu kuma ya fi karkata ga zaƙi da abinci mai sitaci. Duk wanda ya yi makon biki ko ya raya dare a Makka ya san irin yunwar da ke zuwa da rana tsaka bayan daren da ba a rintsa ba. Wannan ba raunin hali ba ne, jiki ne ke neman a biya shi.

Akwai abin da masu tiyata, musamman masu baifas, ke gamuwa da shi idan suka sha zaƙi, wanda likitoci ke kira damfin. Ni juye nake kiransa, domin kamar tifa ce ta juye yashi gaba ɗaya. Abinci mai sukari ko maiƙo ya faɗa hanji a lokaci guda ba tare da tumbi ya riƙe shi ya saki a hankali ba. Hanji ya jawo ruwa daga jini don ya sirka shi, sai cikin minti goma zuwa talatin mutum ya ji zufa, bugun zuciya, jiri, murɗawar ciki, wani lokaci gudawa. Wannan na farko ke nan, kuma yakan wuce idan aka kwanta. Na biyun ya fi shi wayo. Yana zuwa bayan awa ɗaya zuwa uku: sukari ya hau jini da sauri, jiki ya zuba insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, fiye da kima, sai sukarin ya faɗi ƙasa warwas. Hannu ya yi rawa, gani ya dushe, tunani ya rikice, wasu har suma. Abin da jiki ke nema a lokacin kuma shi ne wani zaƙin, shi ya sa rana guda ta kan zama sarƙa: dabino, faɗuwar suga, lemo, wata faɗuwar. Babban dabino ɗaya yana iya ɗaukar sukari giram 15, kuma ba wanda ke tsayawa a ɗaya. Idan sukari ya faɗi, a ɗaga shi da ɗan abu mai zaƙi kaɗan, sannan a bi shi da abinci mai furotin, wato mai gina jiki irin su ƙwai da nama da wake, don kada ya sake faɗuwa. Mai baifas da zai tuƙa mota daga Abuja zuwa Kano don Sallah bai kamata ya karya da shayi mai sukari da burodi ya hau titi ba. Mai shan maganin suga ko allurar insulin kuma na'urar gwaji ta kasance a jakar hannunsa, ba a akwati ba.

Yanzu ga kusakuran da ba a jin kunyarsu, waɗanda su ne suka fi ba ni tsoro.

Na farko ruwa. Mai cikakken tumbi idan ƙishirwa ta kama shi zai ɗaga gora ya shanye rabin lita a tsaye. Mai tiyata ba shi da wannan dama. Lita ɗaya da rabi zuwa biyu da ake so ya sha a rana sai dai kurɓi-kurɓi daga safe zuwa dare, kuma idan ya bari aka bar shi a baya, ba ya iya ramawa a zama ɗaya. Tashin zuciya da amai da ƙarancin ruwa suna kan gaba cikin dalilan da ke mayar da masu wannan tiyata asibiti. A tafiya mutane da gangan suke rage shan ruwa don gudun neman banɗaki a hanya. Haɗa wannan da zafin Makka, inda a aikin Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mahajjata sama da 1,300. Safa da Marwa kaɗai tafiyar sama da kilomita uku ce. Fitsari ya yi duhu ko ya yi ƙaranci, kai ya yi ciwo, jiri ya zo idan an miƙe, waɗannan alamu ne da ba a jira da su. Masu baifas kuma suna da ƙarin haɗarin tsakuwar ƙoda, wadda ƙarancin ruwa ke taimaka wa.

Na biyu amai. Wanda ya ci da sauri ko ya haɗiye busasshen nama bai tauna sosai ba, abincin ya tsaya masa a ƙirji, ya amayar. Sau ɗaya ba komai. Amma amai da ya ɗauki kwanaki, ga kuma bitamin da aka manta a gida, hanya ce zuwa ƙarewar bitamin B1, wato tayamin. Jiki ba ya ajiye shi da yawa, mako biyu zuwa uku ya ƙare. Idan ya ƙare ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ke biya: rikicewar tunani, gani biyu-biyu, tangaɗi a tafiya, mutuwar ƙafafu, kuma wani lahanin ba ya gyaruwa. Idan aka kai irin wannan mara lafiya asibiti aka ɗaura masa ruwa mai sukari kafin a ba shi tayamin, abin na iya ƙara muni. Shi ya sa dole a gaya wa likitan da aka tarar cewa an yi tiyatar ƙiba, ko da dangi ba su sani ba. Tsallake bitamin na kwana biyu ga mai cin abinci lafiya ba abin tashin hankali ba ne. Matsalar ita ce hutu yakan zama ranar da aka daina sha gaba ɗaya, alhali B12 da sinadarin ƙarfe da kalsiyam da bitamin D na har abada ne, musamman ga mai baifas da mace mai jinin al'ada.

Na uku maganin ciwon jiki. An sha tafiya, ƙafa da baya suna ciwo, abokin tafiya ya miƙo ibufurofen ko diklofenak da kyakkyawar niyya. Wannan dangin magani yana iya haddasa gyambo, ga mai baifas a daidai inda aka jona jakar tumbi da hanji, gyambon kuma na iya zubar da jini ko ya huje. Taba da shisha ma haka suke yi. Farasitamol ne aka fi ba masu tiyata shawara a kai. Sannan duk ciwon ciki mai tsanani da ya ƙi lafawa ga mai baifas, ko shekara nawa da yin aikin, ba na jiƙo ko kanwa ba ne. Hanji na iya zamewa ya maƙale a wani gurbi da tiyata ta bari, kuma wannan aikin gaggawa ne.

Duk abin da na faɗa na sassauci game da santi, na wanda ya warke ne. Wanda bai wuce mako shida zuwa takwas da aiki ba, yana matakin ruwa-ruwa ko abinci mai laushi, lomar naman Sallah a wurinsa ba tuntuɓe ba ce, ganganci ne da ɗinkin da bai gama kamewa ba. Zazzaɓi, bugun zuciya da ya haura 120 a minti, ciwon ciki ko na kafaɗar hagu a wannan lokacin, asibiti ake nufa a daren. Doguwar tafiya a jirgi ko mota a makonnin farko ma tana da haɗarin daskarewar jini a ƙafa, sai da izinin likitan da ya yi aikin.

Mu koma ga matar nan da ke tsaye a kan sikeli. Masanin halayyar ɗan Adam Alan Marlatt na Jami'ar Washington, wanda ya yi aiki da masu fama da shaye-shaye, ya bambanta tuntuɓe da komawa gidan jiya. Abin da ya lura da shi shi ne ba tuntuɓen ne ke kayar da mutum ba, fassarar da ya yi masa ce. Wanda ya ce "na yi kuskure jiya saboda ban yi barci ba kuma abin yana gabana" yana da abin gyarawa. Wanda ya ce "dama ni haka nake, ba zan taɓa iyawa ba" ya rufe wa kansa ƙofa, abin da ya rage masa shi ne ya nemi abin da zai rage zafin kunya, kuma ga wanda ya yi shekaru yana fama da ƙiba wannan abin abinci ne. Tun a 1975 Peter Herman da Deborah Mack suka nuna haka a gwaji: aka shayar da mata madara mai zaƙi da kauri, sannan aka ajiye musu askirim. Waɗanda ba sa takura wa kansu a abinci sun ci kaɗan tunda sun riga sun ƙoshi. Masu takurawa kuwa sun ci fiye da yadda takwarorinsu da ba a shayar ba suka ci. Dokar ta karye, sai suka saki linzami. Bahaushe ya riga ya san wannan tunani, shi ne na in za ka sha giya sha ta dubu. A 2007 Claire Adams da Mark Leary suka juya gwajin: bayan mata sun ci abin zaƙi, aka gaya wa wasunsu kada su tsananta wa kansu, kowa yana yin haka. Cikin masu takurawa, waɗanda aka tausasa wa sun ci alewa ƙasa da sauran. Mutane da yawa suna tsoron cewa yafe wa kai zai zama lasisin ci. Abin da aka gani akasin haka ne.

Ɗaya hanyar da kunya ke bi ita ce horo. Akwai wani tsari na kwana biyar da ke yawo a intanet tsakanin masu tiyata, na komawa ruwa-ruwa zalla da sunan mayar da tumbi ƙarami. Babu hujjar bincike da ta nuna yana tsuke tumbi. Abin da mutum ke ji bayansa na saurin ƙoshi, dawowar hankali ne ga cin abinci a natse, kuma ana samun wannan ba tare da yunwar kwana biyar ba. Mu kuma a nan muna da namu: shayin rage teɓa, maganin wankin ciki, tsallake abinci har dare. Duk suna zubar da ruwa da gishirin jiki ga mutumin da dama ruwan bai ishe shi ba, su ci tsoka, sannan yunwa ta dawo da ƙarfinta. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Har azumin nafila wasu ke ɗauka don ramuwar abin da suka ci. Azumi ibada ne mai niyyarsa, bai dace a mayar da shi bulala ba, kuma mai tiyata da bai daɗe ba likitansa ya kamata ya fara tambaya kafin kowane azumi.

Gyaran ba shi da ban mamaki, shi ya sa ake raina shi. Yana farawa daga abinci na gaba, ba daga Litinin ko farkon wata ba. Furotin a fara da shi a kowane zama, aƙalla giram 60 a rana kamar yadda ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ke ba da shawara. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, giram 100 na dafaffiyar tsokar kaza kusan 30. Kifi, alala, awara, wake, kindirmo marar sukari, duk suna cikin abin da kasuwarmu ke da shi. Naman da aka dafa a miya ya yi laushi ya fi kilishi da soyayyen naman layya sauƙin wucewa. Bayan furotin sai ganye, tuwo ko shinkafa su zo ƙarshe idan wuri ya rage. A zauna a ci cikin minti ashirin zuwa talatin, a tashi, kada a sake ɗaukar komai sai lokaci na gaba. Ruwa a raba shi da abinci da kamar minti talatin, domin shan ruwa a kan abinci yana wanke shi ya wuce, yunwa ta dawo da wuri. Sikeli a ba shi mako guda kafin a saurare shi, daga nan a riƙa hawa sau ɗaya ko biyu a mako. A wani gwaji a Birmingham ta Ingila da aka wallafa a 2018 kan mutum 272, waɗanda aka sa su auna kansu aƙalla sau biyu a mako a lokacin Kirsimeti, tare da 'yan shawarwari, ba su ƙara nauyi ba, sauran kuwa sun ƙara.

Sai tsaraba. Hutu yakan biyo mutum gida a cikin akwati: kwalin dabino, cakulan, ragowar cincin da nakiya na biki. Tsaraba dama ta jama'a ce. A raba ta a kwana biyun farko, kada a ajiye a ɗakin kwana.

Abin da littattafan likitocin Turai ba su cika taɓawa ba shi ne nauyin ido a gidajenmu. Baƙo ba ya ƙin abinci. Ka je gaishe da dangi gida biyar ranar Sallah, kwano biyar za a ajiye maka. Da yawa sun ɓoye tiyatar saboda gudun a ce sun bi gajeriyar hanya ko sun taɓa halittar Allah, sai ga Gwaggo tana kallon cokali uku tana cewa, "Ke kuwa 'yar nan, duk kin rame, ko abincin namu ne ba kya so?" Nan ne mutum ke tura abin da cikinsa ba ya ɗauka don kada a ji haushi, ya zaga bayi ya amayar. Ba dole ba ne a buɗe sirri ga kowa, amma akwai magana mai mutunci da ke wadatarwa: "Wallahi Gwaggo ya yi daɗi, likita ne ya ƙayyade mini abin da zan ci a zama ɗaya. Ki ƙunsa mini sauran in tafi da shi." Babu uwar da za ta ƙi wannan. Cin abinci a tire ɗaya da jama'a ma yana da tarkonsa, domin hannu yana bin saurin sauran hannaye, kuma ba a ganin abin da aka ci. Ɗiba a ɗan faranti ya fi. Kuma a cikin abokan tafiya a samu mutum ɗaya, miji ko mata ko ɗan'uwa, da ya san gaskiyar maganar, saboda ranar da za a buƙaci wani ya yi wa likita bayani.

Akwai lokacin da abin ya wuce santin hutu. Idan wata biyu ko uku sun shuɗe nauyi yana ta hawa, ko mutum yana jin ba ya iya tsayawa idan ya fara ci, ko yana tashi cikin dare ya ci a ɓoye, ko yana jawo amai da gangan, ko ƙwarnafi da suga sun dawo, to wannan maganar asibiti ce. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Abin takaici, lokacin da mutum ya fi buƙatar likita shi ne lokacin da kunya ke hana shi zuwa, yana cewa sai ya sauke tukuna. Akwai abin yi da yawa: masanin abinci ya duba tsarin ci, likitan ƙwaƙwalwa ya duba damuwa, a leƙa tumbin da na'ura idan ana zargin matsala a aikin, akwai kuma allurai irin su liragulutayid da semagulutayid da ake amfani da su ga waɗanda nauyi ya dawo musu bayan tiyata.

Wannan ya fi wahala ga mutanenmu da suka je Indiya ko Masar ko Turkiyya aka yi musu aiki suka dawo bayan mako guda ko biyu. Likitan yana wata ƙasa, bibiyar da ya kamata ta ɗauki shekaru ta tsaya a saƙon WhatsApp. Irin waɗannan su nemi likita a gida tun suna lafiya, su riƙa gwajin jini aƙalla sau ɗaya a shekara. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen masana abinci. Kafin kowace tafiya kuma, tare da fasfo da tikiti, a sa takarda guda a jakar hannu mai ɗauke da irin tiyatar da aka yi, ranar da aka yi ta, magungunan da ake sha, da lambar likita, a kuma ɗauki hotonta a waya. Bitamin na kwanakin tafiya da ƙarin na mako guda su shiga jakar nan, da gorar ruwa da za a cika bayan an wuce bincike a filin jirgi.